Nauyin wuyan tirela: abin da masu jan kaya da fikof a Kano ba sa aunawa

Duk wanda ya je cinikin fikof a garin nan don ya riƙa jan kaya da ita, ko Hilux ce ko irin manya-manyan nan na Amurka da ake shigo da su, su Ford F-250 da F-350 da Ram 2500 da Silverado, tambayar farko da zai yi ita ce tan nawa take ja. Dillali ya faɗi wani adadi mai daɗin ji, a tafa, shi ke nan. Da wuya ka ji wanda ya tambayi kilo nawa ne zai sauka a kan ƙwallon ƙarfen nan na bayan mota inda wuyan tirela yake hawa, kuma wallahi wannan tambayar ta fi waccan muhimmanci nesa ba kusa ba, don inji in ya gaza iyakaci ya yi zafi ka faka a gefen titi, amma in nauyin wuya bai zauna daidai ba motar ce gaba ɗaya take ƙwacewa daga hannunka kana tsakiyar gudu.

Tirelar da nake nufi ba babbar nan mai kai da bodi da ke ɗauko siminti ba ce. Ƙananan nan ne da ake maƙalawa a bayan fikof, irin kwamfuresar masu haƙar borehol, da janareta mai taya, da injin kwaɓa kankare, da tankin ruwa da ake kaiwa wajen gini, da ta dawaki da za ka gani lokacin hawan sallah ko wajen 'yan folo, da wadda manoman Kura da Kadawa suke loda wa taki da buhunan shanshera. Da yawansu ma a nan gida aka haɗa su, mai walda ya samo aksil ɗin tsohuwar mota a Ƙofar Ruwa ya ɗora masa bodi.

Ka tsaya ka lura da kurar 'yan ga-ruwa. Taya biyu ne a ƙarƙashi, jarkoki a jere a sama. In mai ruwa ya tura jarkokin can ƙarshen da ke nesa da shi, hannun kurar sama zai riƙa yi yana neman ɗaga shi, in kuma ya jibge su kusa da hannun to a damatsansa nauyin zai ƙare. Wanda ya ƙware yakan bar ɗan nauyi a hannunsa, don da shi yake jin kurar yake juya ta. Tirela haka take, sai dai ita hannun da ke riƙe da ita bayan motarka ne, kuma kilomita 80 ko 100 ake gudu.

Ƙa'idar da masu ƙera motoci da tireloli a Amurka suka tsaya a kai ita ce, tirelar da ake ja da ƙwallon baya, kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dukkan nauyinta, ita da kayan da ke kanta, shi ya kamata ya danne ƙwallon. Ke nan tirela mai kilo 2,000 tana son kilo 200 zuwa 300 a wuya. A Turai adadin bai kai haka ba, a Ingila masu jan ɗakin kwana na tafi-da-gidanka wajen kashi 5 zuwa 7 ake ba su shawara, amma kar ka yi saurin cewa to ai mu ma sai mu bi nasu tunda ya fi sauƙi. Su dokarsu ta daɗe da rage wa mai jan tirela gudu, a Jamus kilomita 80 ne a ƙa'ida sai wanda ya samu izini na musamman, a Ingila mil 60 a babbar hanya, sannan tirelolinsu da birki suke zuwa kuma an auna komai tun daga kamfani. Mu da muke jan ta walda marar birki a hanya mai ramuka, ni dai a ganina lissafin Amurkawa ya fi dacewa da mu.

To me ya sa sai nauyi ya rinjaya gaba? Tirela ba ta taɓa tafiya a miƙe ɗari bisa ɗari, kullum akwai abin da ke ture ta gefe, ko iska, ko rami, ko kaucewar da ka yi wa mai adaidaita, ko iskar tanka da ta wuce ka da gudu. In ta karkace, tayoyinta ne suke turjewa a kan kwalta su dawo da ita layi. Idan cibiyar nauyinta tana gaban tayoyin da ɗan tazara mai kyau, turjiyar nan miƙar da ita take yi, ta yi lilo ɗaya biyu abin ya mutu da kansa, wani lokacin ma direba bai san an yi ba. Amma idan nauyin ya koma kan tayoyin ko bayansu, sai ta wuce layin ta tafi ɗaya gefen, ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko, kowane lilo ya haifi babbansa, kuma duk wanda ta yi sai ta fizgi bayan motar tare da ita. Ga kuma abin da yake ruɗar mutane: kowace mota da tirelarta suna da wani gudu da in ba a kai shi ba lilo mutuwa yake, in an wuce shi kuma ƙaruwa yake. Rashin nauyi a wuya sauko da wannan gudun yake yi ƙasa. Shi ya sa za ka ji mutum yana rantsuwa cewa shekara da shekaru yana jan tirelar nan da irin wannan lodin ba abin da ya taɓa faruwa, kuma gaskiya yake faɗa, don tsakanin Sharaɗa da Bompai yake yawo cikin go-silo bai taɓa wuce 50 ba. Ranar da aka ce ya kai kaya Zariya, ya wuce Na'ibawa hanya ta buɗe ya taka totur, ranar ce zai haɗu da abin da bai taɓa gani ba.

Bari mu yi ɗan lissafi don a ga yadda abin yake da ƙanƙanta. Ka ɗauka tirela ce mai aksil ɗaya, daga bakin wuya zuwa tsakiyar taya mita 3, ita da kayanta kilo 2,000. Kana son kashi 12 a wuya, wato kilo 240. Don a samu haka, cibiyar nauyin za ta zauna ne santimita 36 kacal a gaban aksil. Santimita 36 fa, ko rabin mita bai kai ba, shi ne tsakanin tirela mai lafiya da wadda wuyanta ba nauyi ko kaɗan. Yanzu ka ce yaran lodi sun ga gaba ta cika, suka matsar da buhun siminti 10, kilo 500 ke nan, baya da mita ɗaya. Abin da ya bar wuya shi ne 500 a raba 3, kusan kilo 167. Daga 240 an dawo 73, ƙasa da kashi 4. Nauyin tirelar bai canja ba, in ka hau sikeli 2,000 ɗin nan zai nuna maka, ido ma ba zai ga wani bambanci ba, amma ta zama wata tirelar daban. Daga nan ne aka samo shawarar da ake yawan bayarwa cewa kashi 60 na kaya su zauna gaban aksil, 40 a baya.

Akwai kuma wani kuskure da masu wayo suke yi, wanda ya san maganar nauyin wuya amma ya san rabinta. Ya ɗora abu mai nauyi can ƙarshen baya, sai ya ce bari in sa wani mai nauyin can gaba ya biya. A sikeli wuya zai nuna daidai. Amma nauyin da aka watsa ƙarshe da ƙarshe in ya fara juyawa tsayar da shi wahala gare shi, ya fi wanda aka tara a tsakiya nesa. Masu bincike a Jami'ar Bath ta Ingila sun yi gwaje-gwaje a kan lilon tirela, kuma wannan watsuwar nauyin tana cikin manyan abubuwan da suka gano suna kawo shi, tare da nauyin wuya da wurin da aksil yake. Don haka mafi nauyin kaya ya zauna ƙasa-ƙasa, kusa da aksil, ya ɗan rinjaya gaba, marasa nauyi su ne za su je ƙarshe da sama.

Kar kuma wani ya ce to shi ke nan sai in tura komai gaba in huta. Can ma akwai tasa matsalar. Ƙwallon ja ba a kan tayar baya yake ba, yana can bayanta da fiye da mita guda, don haka duk abin da ya danne shi ɗaga gaban motar yake. Hilux mai ƙofa huɗu tsakanin tayar gaba da ta baya kusan mita 3.1 ne, ka ɗauka ƙwallon yana mita 1.3 a bayan aksil. In ka ɗora masa kilo 300, tayoyin gaba za su rasa kusan kilo 125, su kuma na baya ba 300 za su ɗauka ba, 425 ne, don wancan da ya bar gaba kansu ya dawo. Tayoyin gaba kuwa su ne sitiyarinka, kuma su suke yin mafi yawan aikin birki. In suka yi sakayau sai ka ji sitiyari ya yi laushi kamar abin daɗi, ka sha kwana motar ta ƙi bin hannunka musamman in an yi yayyafi ko akwai yashi a kan kwalta, ka taka birki ta ƙara tafiya. Da daddare fitilunka sama suke kallo suna kashe wa na gaba ido kai kuma ba ka ganin ramin da ke gabanka. Su kuma tayoyin baya ga lodi ya wuce kima ga zafin Kano na watan Maris zuwa Mayu da yake haura digiri 40, in aka haɗa da ƙarancin iska da tsohuwar taya 'yar Belgium to fashewa ce ta rage. Wannan lissafin ne kuma ya sa ƙara wa ƙarfen ja tsawo don kar tirela ta taɓa bodi yake da haɗari, duk santimitar da ka ƙara baya ƙarin ɗaga gaba ne da ƙarin wahala ga shasi.

Wani abin da ake mantawa shi ne nauyin wuya lodi ne a kan motar, daidai yake da ka ɗora shi a cikin bodi. Ka buɗe ƙofar direba ka duba sitikar da ke jikin ginshiƙi. Za ka ga GVWR, shi ne iyakar nauyin motar da duk abin da ke kanta, da GAWR guda biyu, iyakar abin da aksil ɗin gaba da na baya kowanne zai ɗauka. A takardar motar kuma akwai GCWR, iyakar mota da tirela a haɗe. Motocin Amurka da yawa suna da wata sitikar mai ruwan ɗorawa da ta faɗi kai tsaye nauyin mutane da kaya da ba a so a wuce, da kilo da kuma laba, ka kula kar ka karanta laba a matsayin kilo don laba ɗaya ko rabin kilo ba ta kai ba. To ka ce motarka tan ɗaya take ɗauka, wanda kusan nan Hilux take. Wuyan tirela ya ci 300. Ma'aikata biyar sun shiga, 350. Duro ɗaya na gas mai lita 200 a baya, da shi da duron kusan 190. An kai 840 tun ba a sa bututu ko akwatin kayan aiki ba, abin da ya rage buhun siminti uku ne. A aikace kusan kullum wannan iyakar ake fara ci kafin a je kusa da adadin ja da dillali ya faɗa.

Shi kansa adadin da kamfani yake tallatawa ya kamata a san yadda aka samo shi. A Amurka akwai ma'auni da ake kira SAE J2807 wanda manyan kamfanonin fikof suke bi, a ciki har da hawan wani dogon tudu na Davis Dam a jihar Arizona, kusan kilomita 18, cikin zafin da bai gaza digiri 38 ba kuma da esi a kunne. Gwaji ne mai tsanani babu shakka. Amma lissafin an yi shi ne a kan mutum biyu kawai a mota, kowanne kilo 68, bodi ba kaya, da kashi 10 a wuya. Wa yake tafiya aiki haka a nan? Mu da sai an cika gidan baya an kuma ɗora wasu a bodi.

Yanzu ga inda manyan fikof suke yaudarar masu su, kuma shi ne ainihin abin da ya fi tsaya min a rai. Hilux in ka zalunce ta nan take za ta nuna maka, bayanta ya zauna gabanta ya ɗaga, inji ya fara nishi a hawa, dole ka rage. F-350 ko Ram 3500 ba ta nunawa. Sifirin ɗinta mai tauri ne, ka ɗora mata wuya mai nauyi ko marar nauyi kusan yadda take haka za ka gan ta, injin dizal ɗinta kuma zai kai ka 120 ba ka ji kana jan komai ba. Gaskiya ne tsawonta da nauyinta suna taimakawa sosai, tirela ba ta fizgarta da sauƙi kamar ƙaramar mota. Amma wannan bai gyara lodin da ke kan tirelar ba, ɓoye maka alamar kawai ya yi, sai abin ya yi nisa za ka hango a madubi tana kaɗawa, kuma a lokacin gudun da kake ya riga ya wuce inda lilo yake mutuwa. Mai babbar mota shi ya fi kowa buƙatar sikeli, don jikinsa ba zai gaya masa komai ba.

A cikin manyan ma akwai bambanci da ba a lura da shi. Masu lambar 2500 da masu 3500, irin su Ram 2500 da Ram 3500, sau da yawa inji ɗaya ne, inda suka rabu shi ne sifirin ɗin baya da tayoyi da iyakar nauyin da aka rubuta musu. A rabon ajin Amurka na asali, na 2500 suna tsayawa ne a laba 10,000, kusan kilo 4,500, na 3500 kuma har laba 14,000, kusan kilo 6,350, musamman masu taya huɗu a baya. Kuma injin dizal ya fi na fetur nauyi sosai, don haka 2500 mai dizal tana iya fin 'yar uwarta mai fetur ƙarfin ja amma ta gaza ta wajen abin da za ta ɗauka a kanta. Mutum ya sayi mai dizal don ƙarfi, bai san wurin nauyin wuya ne ya ragu ba.

Shi ma ƙarfen ja da ke ƙarƙashin bamba yana da tasa sitikar da nasa iyakar, haka sandar da ake zurawa, haka ƙwallon, kuma wanda ya fi rauni a cikinsu shi ne iyakarka komai girman motar. Ƙwallon ma kala-kala ne, na Turai milimita 50, na Amurka akwai inci 2 akwai inci 2 da 5/16. Tunda mu kayanmu daga ko'ina suke zuwa, sai ka ga tirela mai babban baki an ɗora ta a kan ƙaramin ƙwallo, ta zauna kamar lafiya har makullin ya rufe, sai an daki rami ta yi tsalle ta fita, ballantana in dama wuyan ba nauyi. Sarƙa biyu da ake gicciyawa a ƙarƙashin wuya don irin wannan ranar aka yi su, in ya fita su tallafe shi kar ya caki kwalta. Igiya ba ta maye gurbinsu.

To in bayan mota ya zauna me muke yi a nan? A kai ta wajen makanike ya ƙara mata ganyen sifirin, masu hali kuma su sa jakar iska. Motar za ta miƙe ta yi kyan gani, wannan gaskiya ne. Amma kilo 125 ɗin nan da suka bar tayoyin gaba ba su dawo ba, na baya suna nan da 425 ɗinsu, aksil da boris da taya duk ba wanda aka ƙara wa ƙarfi. Abin da yake mayar da nauyi gaba da gaske shi ne wani irin ƙarfen ja mai raba nauyi, yana da sanduna biyu na ƙarfe mai tauri da suke fitowa daga ƙarƙashin ƙwallo su bi gefen wuyan tirela, a ɗaure su da ƙarfi. Tankwaruwar sandunan ce take murɗa shasin motar, ta rage wa aksil ɗin baya, ta mayar da wani kaso tayoyin gaba wani kuma tayoyin tirela. Yadda ake saita shi shi ne ka auna tsayin bodi a saman tayar gaba kafin ka haɗa tirela, ka sake aunawa bayan ka haɗa, sannan ka riƙa ƙara wa sandunan ƙarfi har gaban ya sauko gwargwadon yadda littafin motarka ya ce, kar dai ya sauka ƙasa da inda yake tun farko. Sai dai shi ma ba ya ƙara wa mota iyakar lodinta, ba ya gyara tirelar da aka loda ta baibai, ba kowace mota ko tirela aka yarda a sa wa ba, kuma wuyan da aka haɗa da siririn ƙarfe a gareji yana iya lanƙwashewa a ƙarƙashinsa. In za ka bar kwalta ka shiga hanyar gona mai kwazazzabo, ka sassauta sandunan tukuna, don tsallaka rami mai zurfi da su a ɗaure yana ninka musu wahala.

Masu jan kaya mai nauyi sosai a Amurka hanyar da suka bi ita ce su ɗauke ƙwallon daga baya su dawo da shi cikin bodi, daidai kan aksil ko ɗan gabansa kaɗan, tirelar ta zo da dogon wuya ta sama ta sauka a kai, irin tsarin da manyan tirelolinmu suke hawa kan kai. Da haka ba a ɗaga gaban mota, lilo kuma ya ragu ƙwarai. Amma irin wannan kashi 15 zuwa 25 take saukewa a kan motar, tirela mai tan 7 a kashi 20 kilo 1,400 ne zai zauna a bodi, kuma a nan ne 2500 da yawa suke cika ko su wuce iyaka tun direba bai shiga ba.

Aunawar kuwa ba wani abu ne mai tsada ba. In kana da hanyar sikelin mota, irin na kamfanonin shinkafa da masana'antu, ka hau da motar tirela a haɗe amma tayoyin tirelar suna waje, ka rubuta, ka kwance tirelar ka sake auna motar ita kaɗai, bambancin shi ne nauyin wuya. In da sandunan raba nauyi to a kwance su kafin a auna. In babu wannan, sikelin buhu irin na 'yan Dawanau ya isa ga yawancin ƙananan tireloli, a sa wa tayoyi waigi gaba da baya, a kafa guntun katako mai ƙarfi a kan sikelin, a sauke bakin wuya a kai daidai tsayin da yake zama a mota. In sikelin ƙarami ne, ka samo katako mai kauri ka ɗora gefe ɗaya a kan bulo ɗaya gefen a kan sikeli, tsakaninsu santimita 90, wuyan ya sauka santimita 30 daga bulon, abin da sikeli ya nuna ka ninka sau 3. Maganar tsayin nan da na yi tana da muhimmanci, tirela a miƙe ake so ta tafi ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan, musamman mai aksil biyu, wadda in hancinta ya ɗaga aksil ɗin baya ne yake ɗaukar lodi fiye da na gaba.

Sannan lodi ba ya zama yadda ka bar shi. Mai rabon kaya da ya taso daga Singa ya sauke na gaba a tasha ta farko don su suka fi kusa da hannu, ya ci gaba da tafiya da na baya kawai, ya lalata lissafinsa da kansa, dole a sake jera abin da ya rage. Tankin ruwa da ke rabi ya fi cikakke haɗari, lita 1,000 tan ɗaya ne, in rabi ne kilo 500 ke nan suna gudu gaba da baya da gefe duk birkin da ka taka, sai dai in tankin yana da shinge a ciki. Shanun da aka ɗauko daga kasuwar Wudil in ba a raba su da shamaki ba baya suke taruwa a hawa. Janareta ko injin da ba a ɗaure shi ta kusurwa huɗu ba, gargada kaɗai ta isa ta matsar da shi santimita 36 ɗin nan kafin ka kai Kwanar Dangora.

In kuma ta riga ta fara lilo, abin da hannu da ƙafa suke so su yi shi ne ba daidai ba. Kar ka danna birkin mota da ƙarfi, tirela marar birki za ta turo ka ta naɗe. Kar ka bi ta da sitiyari kana ƙoƙarin gyarawa, kullum a makare za ka riƙa yi kana ƙara mata. Kar kuma ka bi maganar nan ta cewa a ƙara wuta ta miƙe, gudu ne ya kawo abin. Ka riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali gudu ya sauka da kansa, in tirelar tana da birkin lantarki mai madanni a gaban direba ka matsa nata ita kaɗai, shi ne yake miƙar da ita. Da ka samu ta lafa ka faka ka sake lodi, kar ka ce bari in lallaɓa. A Turai duk tirelar da ta wuce kilo 750 sai da birkinta, Hilux ma da ake cewa wasu samfurinta suna jan kilo 3,500, mai birki ake nufi, marar birki 750 ne. Mu kuwa tan biyu tan uku ake ja a nan da birkin mota kaɗai.

Ga masu walda da masu ba su aiki, yawancin matsalar daga ranar ƙira take farawa. An saba a auna bodi a raba biyu a sa aksil a tsakiya cif, don ya fi sauƙin turawa da hannu kuma mutum ɗaya yana iya ɗaga wuyan. Irin wannan in aka loda ta daidai wa daida kusan ba abin da yake sauka a wuya sai nauyin ƙarfen wuyan kansa. Aksil ya koma bayan tsakiya, kusan kashi 60 na tsawon bodi a gabansa 40 a baya, in masu biyu ne to tsakiyar su biyun ake aunawa. Wuya kuma a ba shi tsawo, a yi shi da ƙarfe biyu da suka haɗu a gaba suka shige ƙarƙashin bodi, ba bututu ɗaya da aka liƙa a goshi ba. In tirelar ta abu ɗaya ce da ba ya canjawa, kamar janareta ko tanki, a ɗora shi a cika shi da mai ko ruwa, a sa wuyan a sikeli, a riƙa matsar da shi har a samu kashi 10 zuwa 15, sannan a huda a ɗaure da noti.